Saƙar kitso a rigar sanyi: ba sai da inji ba

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce a Badarawa kike, kin yi wata 8 da fara saƙar hannu da tsinke biyu, kin iya ɗora zare, kin iya saƙar gaba da ta baya, har kin gama gyalen wuya da hular jariri. Sai kika ga wata rigar sanyi a gwanjo mai ado kamar an tufka igiya a jikinta, kika bi bidiyo kika gwada, abin ya ƙi. Ramuka sun fito a gefe, wani murɗin ya nufi dama wani ya nufi hagu, ƙaramin tsinke na uku da ake murɗin da shi yana ta sulɓewa, gaban rigar kuma ya tsuke ya kasa bayan. Kina tambaya ko dai da inji kaɗai ake yin irin wannan.

Ba sai da inji ba. Masu injin saƙa na gida ma, idan sun zo wurin murɗi, tsayawa suke yi su ɗaga idanun da hannu su sauya musu wuri. Kuma duk matsalolin nan huɗu da kika lissafa babu wadda ban sha ba lokacin da nake koyo, babu kuma wadda ban gani ba a hannun 'yan matan da na koyar.

Bari mu daidaita baki kan suna tukuna, don kowace malama da nata. Madaukin zaren da ke zaune a kan tsinke ni ido nake ce masa. Idon gaba shi ne mai santsi, mai kama da harafin V. Idon baya shi ne mai ɗan ƙullutu. Adon da kike nema kuwa ina kiransa kitso, idan kuma igiya biyu ce ke naɗe juna na ce tufka. Wurin da suka haye juna shi ne murɗi.

A saƙar kitso babu wani sabon ido da za ki koya. Layi kawai ake tsallakewa. Kin san yadda ake jera robobi a wurin markaɗe: mai inji ya ture uku na gaba gefe, ya markaɗa ukun da ke bin su, sannan ya dawo kan na farkon. To shi ke nan. Idanu uku ki ajiye su gefe, ki saƙa ukun da ke bayansu, ki dawo ki saƙa waɗanda kika ajiye. Da yake a jikin ƙyalle ɗaya suke, dole wasu su haye kan wasu, wannan hayewar ita ce abin da ya burge ki a jikin waccan riga. Sauran layukan duk saƙar da kika riga kika iya ce. A layi shida, sau ɗaya tak ake murɗawa.

Ki ajiye gaban rigar nan tukuna. Ki samo zare mai haske, fari ko ruwan madara ko ruwan toka mai haske, mai santsi wanda aka murza shi da kyau. Kitso da inuwa yake fitowa, tudu ya kama haske, kwari ya yi duhu. Baƙin zare yana haɗiye inuwar, mai gashi-gashi yana binne ta, mai launi barkatai kuma yana ɗauke ido daga kanta. Ban da haka, ranar da aka ɗauke wuta kina laluben baƙin ido da fitilar waya za ki gane abin da nake faɗa. Yawancin ulun da masu kayan ɗinki ke sayarwa a Kasuwar Sheikh Gumi da sauran kasuwanninmu na roba ne, kuma siriri ne, don haka ki haɗa biyu ki saƙa da tsinke mai kaurin milimita 4 ko 4.5.

Ki ɗora ido 18. Layin farko, wato fuskar saƙa: gaba 2, baya 4, gaba 6, baya 4, gaba 2. Layi na biyu: gaba 6, baya 6, gaba 6. Ki maimaita waɗannan biyun sau ɗaya, kin yi layi 4 ke nan. Ki ɗaga ki duba, za ki ga wani ginshiƙi mai santsi na ido 6 a tsakiya, ƙullutai sun saka shi a tsaka. Ƙullutan nan su ne ke lotsawa ciki su turo ginshiƙin waje, shi ya sa kitson da aka yi a kan saƙar gaba zalla ba ya tashi.

A layi na 5 ki yi gaba 2, baya 4, ki mayar da zaren baya. Yanzu ki zame ido 3 daga tsinken hagu zuwa kan ƙaramin tsinke, ɗaya bayan ɗaya, kina soka bakin tsinken kamar za ki yi idon baya, don kada su juya. Ki sake shi ya rataya a gabanki. Ki saƙa gaba 3 daga tsinken hagu. Ki ɗago ƙaramin tsinken yadda yake, kada ki juya shi, ki tura idanun zuwa bakinsa na dama ki saƙa su, wanda ya fara hawa shi zai fara sauka. Sai baya 4, gaba 2. Layi na 6 daidai yake da na biyu. Murɗi na gaba a layi na 11, sai 17, sai 23. Murɗin farko ba ya kyau a hannun kowa, kamar an cukuikuye ƙyallen yake, kada ki warware. Sai kin yi uku kafin tufkar ta nuna kanta.

Maganar wani dama wani hagu kuwa, daga wurin da kika ajiye ƙaramin tsinke take. Idan kin ajiye shi a gaba, murɗin zai karkata hagu. Idan kin tura shi bayan saƙa, zai karkata dama. Ga yadda nake sa ɗalibaina su riƙe: gaba da hagu duk akwai harafin g a cikinsu, baya da dama babu. Kin yi ta ajiyewa inda hannu ya kai ne, yau gaba gobe baya, shi ya sa naki ya fito yana lanƙwasa kamar maciji. Abin dariyar shi ne wannan ma ado ne mai zaman kansa, wasu da gangan suke yin sa. A takardun saƙa na Turanci za ki ga C6F ko C6B. Lambar ita ce jimillar idanun, wato uku su haye uku. F na nufin a ajiye a gaba, B a baya. Wasu kuma su rubuta 3/3 LC da 3/3 RC, na farko hagu, na biyu dama, abu ɗaya ne. Idan zanen murabba'ai aka ba ki, daga ƙasa ake farawa, layin fuska daga dama zuwa hagu, layin ciki daga hagu zuwa dama.

Tsinken da ke sulɓewa, ki sauya shi. Na ƙarfe mai santsi wahala ne ga mai koyo. Akwai wanda ake sayarwa mai ɗan lanƙwasa a tsakiya, akwai mai kama da ƙugiya, amma ni shekaru na yi ina aiki da tsinken tsire da na yanke ya kai tsawon yatsa da rabi, na fiƙe bakinsa biyu na goge shi da sanfefa har ya daina kama zare. Itace yana riƙe ido. Sharaɗin ɗaya ne, kada ya fi tsinken saƙarki kauri, in ba haka ba zai buɗa idanun. Idan har yanzu yana rawa, ki soka bakinsa a jikin saƙar kafin ki ci gaba.

Ramuka iri biyu ne, kuma ɗaya ba laifi ba ne. A daidai wurin murɗi akwai ɗan rami a kowane gefe, saboda idanun sun baro maƙwabtansu sun tafi wani wuri. In rigar gwanjon nan ta zo hannunki, ki juya ta ki soka yatsa, za ki same shi. Idan saƙa ta yi tsawo aka wanke ta, yana ɓuya a ƙarƙashin tufkar. Wanda ke ɓata aiki shi ne sako-sakon da ke bin gefen hagu na kitson daga ƙasa har sama, ido ɗaya ya yi ƙato kamar bakin jaka. Dalilinsa, lokacin da kika gama idon gaba na ƙarshe kika kawo zare gaba don yin idon baya, hanyar da zaren ya bi ta fi tsawo, rarar sai ta koma cikin idon gaban da ke kusa. Maganinsa, ki yi idon bayan farko, ki soka tsinke a na biyu, ki ɗan ja zaren kafin ki naɗa. Idan bai ji ba, ki naɗa zaren wannan idon bayan guda ɗaya ta ɗaya ɓarin, saɓanin yadda kika saba. Hanyar ta gajarce ke nan. A layin dawowa za ki tarar da shi a karkace, sai ki soka ta ƙafarsa ta baya ya miƙe.

Kada jin haka ya sa ki riƙa shaƙe zare ko'ina. Mai tsoron rami takan ja da ƙarfi har idanun su ƙi motsi, ta zo wurin murɗi tana kokawa, tsinke na ƙara, yatsa ya yi kanta. Layin da ke gabanin murɗi ma sassauta masa ake yi kaɗan, don idanun su samu abin miƙewa. Layin da ke bin murɗi kuwa dole ya yi tauri, haka yake a wurin kowa. Zan faɗa miki wata gaskiya da masu bidiyo ba sa faɗa: idan saƙarki ta gaba da baya ba ta daidaita ba, wani layi a matse wani a sake, kitso ba zai rufa miki asiri ba, tona shi zai yi. Ki ɗauki gyalen wuyan da kika gama ki ɗaga shi a rana. Idan kin ga ratsi-ratsi, hannunki bai gama faɗawa ba, sai ki haɗa koyon kitson da gyaran riƙon zare.

Abin da ya fi kayar da mutane a ganina ƙirgen layi ne. Yaro ya yi kuka, tukunya ta tafaso, an yi sallama, kin dawo ba ki san ko layi na uku kike ko na biyar ba. Murɗi ɗaya ya zo da wuri, wani ya makara, tufka ta fito wata gaɓa doguwa wata gajera, kuma daga nesa ake hangowa. Malamar da ta koya mini wake take zubawa a murfin kwano, guda 6, duk layin da ta gama ta ɗauke ɗaya ta jefa a cinya, in murfin ya zama wayam lokacin murɗi ya yi. Yanzu ƙaramin abin ƙirgen nan da ake maƙalawa a yatsa ya sauƙaƙa, ki sayi ɗaya daban ki ware shi don saƙa. Amma gara ki koyi karanta saƙar da kanta. Ki soka ƙaramin tsinke a ramin murɗin ƙarshe, ki ɗan buɗa, za ki ga zaruruwa a kwance kamar matakalar tsani daga ramin zuwa sama. Ki gwada ƙirga su a lokacin da kika tabbatar da layin da kike, sau biyu ko uku, daga nan idonki ya san yadda layi biyu suke da yadda huɗu suke. Ki riƙe kuma cewa a saƙar tsinke biyu fuska ce ke kallon ki duk sa'ar da za ki murɗa. In kin ga ciki na kallon ki, saura layi ɗaya ko kin wuce da ɗaya.

Sai tsukewa, wadda ita ce ta fi cin rai domin sai an gama wahala ake gane ta. Rigar kitso ta farko da na yi, ɗana na fari na yi wa, yana ɗan shekara 4. Na ɗora ido daidai da na rigar da na saba yi masa, na jera tufka biyar a gaba don a san na iya. Wata guda ina kai. Ranar gwaji kai ya shiga da ƙyar, hannu ɗaya ya shiga, ɗayan ya maƙale a sama, yaro ya tsaya tsakar gida yana ihu kamar an kama shi a tarko, kakarsa tana dariya har da hawaye. Ɗan ƙanwata mai shekara 2 ne ya ci rigar. Idanun da suka haye juna sun daina zama gefe da gefe, sun koma sama da ƙasa, faɗin da suka bari kuwa ya tafi. Kitso mai ido 6 da wuya ya ba ki faɗin ido 4 na saƙar fili.

Don haka gwajin awo ba na tsallakewa ba ne, kuma da adon da za ki yi ake yin sa, ba da saƙar fili ba. Ki saƙa ƙyalle mai faɗin tafin hannu da kitson a ciki, ki wanke, ki bari ya bushe a shimfiɗe, ki ɗora tef. A ce gaban rigar santimita 30 kike so. A saƙar fili kin samu ido 20 a santimita 10, ido 60 ke nan. A ƙyallen kitso kuma kin samu 26 a santimita 10, kin ga 78 kike bukata. Bambancin ido 18 shi ne abin da ya sa gabanki ya kasa bayanki. Ba a ɗora su tun daga ƙasa, don bakin rigar zai yi fatar-fatar. A ɗora na fili, a saƙa bakin roba, wato bakin ƙasan riga mai miƙewa, a layinsa na ƙarshe a ƙara idanun, a fi tara su a ƙarƙashin inda kowane kitso zai tashi. Haka in an zo rufewa a kafaɗa ko wuya, a rage ɗaya ko biyu a kan kowane kitso, in ba haka ba bakin zai baje kamar fanka. Zare ma ya fi ci. Ki sayi abin da zai ishe ki har da rara a lokaci ɗaya, domin farin bana da farin baɗi ba su cika zama ɗaya ba.

Idan kin hango murɗin da ya juya ba daidai ba can ƙasa, ba sai kin shiga tufka da warwara ba. Ki saƙa har ki iso kansa, ki sauke idanun kitson 6 kaɗai daga tsinke, ki warware su layi-layi har ki wuce kuskuren. Zaruruwan da suka saku za su tsaya a baya a jere. Ki kwashe idanun, ki sauya musu wuri yadda ya kamata, ki riƙa hawa da ƙwarashi kina ɗaukar zare na ƙasa kafin na sama. Karon farko gaba na faɗuwa, shi ya sa nake sa ɗalibai su yi kuskuren da gangan a ƙyallen gwaji su gyara.

Da zarar tufka ta zauna a hannunki, sauran duk 'ya'yanta ne. Kalaba ido 9 ce, kashi uku. A layi na 3 ki murɗa shidan farko ta gaba ki saƙa ukun ƙarshe, a layi na 7 ki saƙa ukun farko ki murɗa shidan ƙarshe ta baya, ki yi ta maimaitawa kowane layi 8. Na gefe ya hau na tsakiya, na ɗaya gefen ya hau na tsakiya, yadda kike yi wa 'yarki ranar Lahadi. Idan kin jera murɗin dama da na hagu kafaɗa da kafaɗa, ya buɗe sama kamar ƙaho. Idan kin jera ƙanana masu ido 4 da yawa kina sauya musu hannu, saƙar zuma ta fito.

Irin rigar da kika gani asalinta tsibiran Aran ne, guda uku a yammacin ƙasar Ailan, inda matan masunta suka fara saƙa ta a farkon ƙarni na 20, da ulun tumaki marar rini. Za ki ji ana cewa kowane gida da nasa ado, wai don a gane gawar masuncin da teku ta ci. Masu binciken tarihin saƙa ba su samu hujjar haka ba, labari ne da ya taimaka wa ciniki. Saƙar tsinke kanta ta girmi wannan nesa ba kusa ba, cikin mafi tsufan abin da aka samu akwai safunan auduga daga Misra na wajen ƙarni na 11. Na kawo Aran ne don ki san don wane yanayi aka yi ta: iskar teku da ruwa da sanyi kusan duk shekara. Mu nan sanyinmu na Disamba da Janairu ne, na asuba da dare, kafin azahar yaro ya fara neman tuɓewa. Kitso ninki biyu ne na ƙyalle, rigar da aka cika ta da shi gaba da baya kaya ce. Ɗaya a tsakiyar gaba, ko biyu a gefe da gefe, baya a bar shi fili, ya wadatar. Na jarirai kuma a yi siririn kitso mai ido 4, don mai kauri yana danne musu jiki in an kwantar da su.

Rigar gwanjon da ta ja hankalinki, in da hali ki koma ki saye ta, ko ki nemi irinta a Kasuwar Bacci. Babu malamar da ta kai ta. Ki ƙirga idanun kowane ado, ki ƙirga layin da ke tsakanin murɗi da murɗi, ki kwafa a takarda. Kina iya warware ta ma ki samu zare mai kyau da araha, amma ki duba ɗinkin gefe tukuna. Idan an yanka ƙyallen ne aka bi bakin da keken ɗinki, guntaye za ki samu. Idan kowane ɓangare da bakinsa lafiyayye aka haɗa, zai warwaru tiryan-tiryan daga sama zuwa ƙasa. Don sanin ko ulun gaske ne, ki tsinki ɗan zare ki kusanta shi da ashana: na tumaki yana warin ƙonannen gashi ya zama toka mai murmushewa, na roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri.

Wannan narkewar ce dalilin da ya sa ba a kusantar kitson roba da dutsen guga. Wata ƙanwar maigidana ta taɓa yi mini gwaninta, ta goge wata rigar da na yi sati shida a kanta. Tufkar ta kwanta shamɓal, tana ƙyalli kamar leda, kuma ba ta sake tashi ba. Wanki da ruwan sanyi, a matse a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a tabarma a inuwa, a gyara kitson da yatsa. Kada a rataya a igiyar shanya, nauyin ruwa zai ja ta ta koma doguwar riga.

Hunturu kuma yana fasa yatsu, kaushin ya riƙa kama zare yana tsattsage shi. Man kaɗanya da dare, ba lokacin da za ki taɓa farin ulu ba. Ni dai rigar da za a sa a Disamba tun Agusta nake ɗora ta, lokacin hannu na da laushi.

Ki yi ƙyallen ido 18 ɗin nan har murɗi 6, uku ta gaba uku ta baya. In kin ci gaba da shi ya kai zagayen kai, ki haɗa bakinsa, kin samu abin rufe kunne na 'yar makaranta. Ki turo mini hotonsa fuska da ciki, a hasken rana, cikin nake so in fi gani.